Abin da bana ta koya mana game da rubuta manhaja da AI a Bauchi

Tun da GitHub Copilot, mataimakin rubuta kod mai amfani da ƙirƙirarriyar basira (AI), ya shiga kasuwa a 2022, ChatGPT kuma ya biyo baya a ƙarshen shekarar, masu rubuta manhaja a Bauchi suka karɓe su hannu bibbiyu. Wajen aikin maimaici, kamar shafin rajista ko bayanin tsohon kod da wani ya bari, suna sauƙaƙa wahala ƙwarai. Matsalar tana ɓullowa ne idan manhajar ta haɗu da mutanenmu, domin yawancin abin da AI ta koya ba daga nan aka rubuta shi ba.

Ɗauki fom ɗin ɗaliban makaranta. Sau da yawa ƙa'idar tantance suna da take rubutawa haruffan A zuwa Z kaɗai take yarda da su, sai ta kori Sa'adatu da Mu'azu saboda alamar da ke tsakiyar sunansu, ta kori Ɗanjuma saboda ƙugiya. Cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar nan akwai Jama'are da Itas/Gadau. Ta farko tana karya umarnin SQL, wato harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi, idan an liƙa sunan kai tsaye cikin umarnin, kuma ƙofar da ɓarayin bayanai ke bi ke nan. Ta biyu tana raba adireshin shafi gida biyu. Shi ya sa ya kamata waɗannan sunaye biyar su zauna cikin gwajin kowace manhaja, a kuma ajiye rubutu da UTF-8, tsarin adana haruffa da ke ɗaukar masu ƙugiya.

Lambar waya ma haka. Idan aka ajiye ta a matsayin adadi, sifilin farko ya tafi, lambobi 11 sun koma 10, saƙo ba zai isa ba. A ajiye ta a matsayin rubutu, a mayar da ita tsarin +234. Kwanan wata kuwa, 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a tsarin Amurka huɗu ga Maris.

Inda na fi jin tsoro shi ne kuɗi. Paystack, dandalin karɓar kuɗi ta intanet, da kobo yake karɓar adadi, wato ₦5,000 sai an tura 500000. Layi ɗaya da ke mayar da naira zuwa kobo ya ɓace, abokin ciniki ya biya naira 50. Wani lokaci kuma AI takan ƙirƙiro sunan laburaren kod da babu shi, don haka a leƙa npm ko PyPI, rumbunan da ake sauke irin waɗannan laburare, a tabbatar kafin a sauke.

Sai batun amana. Kada a kwafi sunayen marasa lafiya, NIN ko BVN a zuba cikin akwatin hira da AI don neman gyaran kuskure. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana kan wanda ya tattara su, kuma mutane ne suka ba mu. A haɗa bayanan bogi masu kama da na gaske, a cire makullan sirri daga fayil, sannan a tura.