Rakiyar Katafila Daga Tema Zuwa Wagadugu

Shekaranjiya na dawo Kano, har yanzu ƙarar sarƙoƙin da muka ɗaure katafila da su ba ta bar kunnena ba. Maigidana ne ya tura ni tashar jiragen ruwa ta Tema a ƙasar Ghana domin in raka katafilar zuwa Wagadugu a kan doguwar tirela mai gajeren gado, kuma da yake faɗinta ya zarce mita 2.55 da dokar ECOWAS ta ƙayyade, sai da muka yi kwana shida muna jiran takardar izini ta musamman. A takardar an rubuta hanyar da za mu bi, an hana mu tafiyar dare, an kuma wajabta mana motar rakiya da jan ƙyalle a kowace kusurwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sikeli. Layin taya ɗaya bayan ɗaya ake aunawa, kuma layin da ke jan mota kada ya haura tan 11.5. Nan na tuna tirelolinmu da ake yi wa lodi har gadonsu ya lanƙwashe a hanyar Zariya, kwalta tana tsagewa, mu kuma muna zagin ɗan kwangila. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A wani shinge bayan Kumasi wani jami'i ya riƙe takardunmu awa uku, yana ta juya su ba tare da ya ɗaga kai ya dube mu ba, daga ƙarshe ya ce jan ƙyallenmu ya koɗe. Direba ya sayo sabon yadi da tsadar da ta wuce hankali. Amma a daren da ya gabata wani dattijo a zangon Kumasi, wanda kakansa fataucin goro ya kawo shi daga Kano, ya sauke mu a zaurensa. "Ɗana, ba a kwana a mota alhali ina da tabarma," in ji shi. Da asuba ya aiko da koko da ƙosai masu zafi, ya ƙi karɓar ko sisi.

A gadar Buipe da ta Yapei muka rarrafa a hankali. Tamale kwana ɗaya, Paga da ke kan iyakar Ghana da Burkina Faso kwana biyu wajen neman sabon izini da Faransanci. Ranar Alhamis da la'asar muka kwance sarƙoƙi a Wagadugu.