Sanyin ruwan kogi ba ya bin zafin rana

Ƙannena masu zuwa iyo a gulbi, ruwa yana da nasa lissafin lokaci, daban da na iskar da ke kaɗa mu a tudu. Ƙasa tana ɗaukar zafi da wuri, ta huce da wuri. Ruwa kuwa a hankali yake ɗauka, a hankali yake saki. Shi ya sa a farkon watan Maris, lokacin da rana ta fara ƙuna a Kano ko Sakkwato, gurbi mai zurfi yana nan riƙe da sauran sanyin hunturu. Gumin da ke zuba a goshinka ba ya gaya maka komai game da abin da ƙafarka za ta tarar a ƙasa.

Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma ruwa yana zuƙe wannan zafi kusan ninki 25 fiye da yadda iska take yi. Wuraren da ake gasar ninƙaya ana ajiye ruwansu tsakanin digiri 25 zuwa 28, domin a nan ne jiki yake aiki ba tare da wahala ba. Ruwan da ya sauko wajen digiri 20 ba zai firgita ka ba, amma in ka daɗe a ciki zai cinye ƙarfin hannuwanka da ƙafafunka tun kafin ka ankara. Yatsu su fara ƙin lanƙwasuwa, bugun hannu ya gajarta, gaɓar da ka baro ta yi maka nisa.

Da hunturu kowa ya san ruwa da sanyi, saboda haka ba a cika ruɗuwa ba. Wahalarsa tana zuwa ne bayan an fito, lokacin da busasshiyar iska ta bugi jiƙaƙƙen jiki. Ku lura da yara ƙanana da marasa ƙiba, su suka fi saurin kamuwa. In ka ga leɓen yaro ya canza launi, haƙoransa na haɗuwa, maganarsa na harɗewa, fito da shi ko da yana kuka yana cewa bai gaji ba. Mutanen Yamai kuma suna da ƙarin abin lura. Ruwan da ya zuba a tsaunukan Gini da damina yana ɗaukar watanni yana ratsa fadamun Mali, sai wajen Disamba da Janairu yake isowa. Wato a tsakiyar sanyi, ana cikin hazo ba ɗigon ruwan sama, kogin Kwara a can cike yake da ƙarfinsa.

Bazara ce take da yaudara, kuma a nan na yi wautar da har yau nake gode wa Allah da Ya kuɓutar da ni. Muna samari, azahar ta yi, zafi ya ishe mu, muka gangara gulbin garinmu. Na tsoma hannu na ji ruwa da ɗumi, sai na hau wani dutse na yi tsalle da ka. Ashe wajen tsohon ramin masu ɗiban yashi ne. Saman ruwan rana ta dafa shi, amma ƙasan kamar gindin randa yake. Sanyin ya daki ƙirjina, bakina ya buɗe da kansa ya ja numfashi alhali ina cikin ruwa, tsokar ƙafata ta dama ta ɗaure tamau. Na iya iyo sosai a lokacin, amma iyawar ba ta amfane ni da komai ba. Wani masunci da ke gyaran koma a gefe shi ya wurgo mini gorarsa, na rungume ta ina tari ina amai.

Abin da ya faru ba wani abu ɓoyayye ba ne. A ruwan da ba ya gudu sosai, mai ɗumi yana zama a sama domin ya fi sauƙin nauyi, mai sanyi ya kwanta a ƙasa, kuma ba sa gauraya sai iska ko ambaliya ta motsa su. Haka abin yake a manyan madatsu irin Tiga da Kainji, haka yake a kududdufi mai zurfi da ramukan da aka haƙa don gina titi. Sau da yawa in saurayi ya nutse a irin waɗannan wurare sai a ce an ja shi ne daga ƙasa. Ni dai na san abin da ya riƙe mini ƙafa ran nan. Ku shiga ruwa da ƙafa, a hankali, ku jiƙa ƙirji da wuya da fuska tukuna, kada ku taɓa yin tsalle a inda ba ku taka ƙasansa ba a wannan shekarar.

Ɗumin bazara yana da wata illa da ba a ganinta ranar. Ruwa mai ɗumi marar gudu, mai ciyayi a gefe, shi ne gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar ta fata take shiga, ba sai ka sha ruwan ba, kuma ta fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da muka fi son wanka. Da na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina sai na yi shiru, domin abokai sun ce alamar girma ce. Ƙarya ce. Cuta ce da ke cin mafitsara a hankali, har ta kai ga ƙoda in an bar ta. Maganinta Praziquantel, ana samunsa a asibiti, kuma ana raba shi a makarantu a wurare da dama. Wanda ya ga jini ya faɗa wa babba a gida, kada ya ji kunya.

Da damina ɗumin ruwan yana yi wa jiki daɗi, amma wannan ba lokacin iyo ba ne sam. Ruwa ya yi ja, ba ka ganin kututture ko waya, igiyarsa ta fi ƙarfin kowane gwani. Masu zama a gefen Binuwai sun ga abin da ya faru a 2012 da 2022, shekarun da ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Ko da kaka ta shigo ruwa ya lafa, ku tambayi masunta da masu kwale-kwale kafin ku shiga, domin ambaliya tana kwashe yashi daga wuri ta kai wani, mashigin bara ya koma gurbi.

Waɗanda Allah Ya kai karatu Ingila ko Rasha su ƙara kiyayewa. A can rana tana iya yin daɗi a watan Mayu alhali ruwan kogi bai kai digiri 15 ba, kuma ƙasa da wannan ne sanyi yake ƙwace wa mutum numfashi nan take.

In hakan ta same ka, ko a ina ne, kada ka yi kokawa da ruwa. Kwanta rigingine, ka baza hannuwa da ƙafafu, ka bar fuska a sama. Cikin minti ɗaya zuwa uku numfashi yakan daidaita, sannan ka nemi gaɓa ko ka yi kira. In kuma abokinka ne a ciki, kada ka faɗa ka bi shi, domin wanda ke nutsewa yana danne duk wanda ya kama. Miƙa masa sanda, ko ka jefa masa igiya, gora, ko jarka mai murfi. Da ya fito a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kawar da shi daga iska. Wanda ya shaƙi ruwa a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da matsala bayan sa'o'i.