Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Inna da Jikana Suka Haɗu a Gidana

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye aikin jinya bayan shekarun da na shafe a sashen gaggawa. Hutu na sa wa raina, amma ba a jima ba ƙanina ya kira ni ya ce Inna ta zame a banɗaki. Ba ta karye ba, sai dai kowa ya san zamanta ita kaɗai ya ƙare. Muka yi shawara ta dawo wurina. A wannan tsakanin ne kuma 'yata ta samu aiki, ta riƙa kawo mini ɗanta kullum da safe, yaron da bai daɗe da fara tafiya ba. Ga autana, ɗan shekara goma sha huɗu, wanda a ganinsa babu abin da zai same shi a duniya.

A asibiti na saba jin dangi suna cewa, "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Ban taɓa musu da mai baƙin ciki ba. Amma idan ka daɗe a wannan sashe za ka ga tsautsayin yana da hanyoyin da ya saba bi, kuma kowane shekaru da tasu hanyar. Abin da ban lura da shi ba sai da mutanen nan uku suka haɗu a gida ɗaya shi ne, gyaran da zai kare ɗaya yakan zama tarko ga ɗayan.

Da maganin Inna aka fara. Washegarin zuwanta na shiga ɗakinta na tarar ta zazzage ƙwayoyinta a ɗan faranti gefen gado, na hawan jini da na ciwon suga, farare da masu launi, daidai tsayin hannun jikana.

Na ce, "Inna, waɗannan ba za su zauna a nan ba."

Ta ce, "To ina zan kai su, 'yar nan? Murfin kwalbar nan ya fi ƙarfina. Sai an danna an murɗa, ni kuwa yatsuna sun ƙi."

Gaskiyarta ce. Irin wannan murfi don yara aka yi shi. A Amurka tun 1970 aka kafa dokar da ta tilasta sa shi a kan magunguna da sinadarai masu haɗari, kuma ya ceci yara da yawa. Amma tsoho mai ciwon gaɓoɓi shi ma murfin yana hana shi, sai ya juye maganin a inda ya fi masa sauƙi. Wasu magungunan suga, ƙwaya ɗaya tak tana iya sauke sukarin ƙaramin yaro har ya suma, haka ma wasu na hawan jini suna iya taɓa zuciyarsa. Da na ce zan riƙe maganin in riƙa ba ta da kaina, sai fuskarta ta canza. Matar da ta raine ni ba za ta ji daɗin a mayar da ita yarinya ba. Muka tsaya a kan ƙaramin akwati mai makulli, ƙwayoyin kowace rana a rabe a ciki, makullin kuma a hannunta. Abin da ya rage mini shi ne duba ƙasan gadonta kowace safiya kafin yaron ya iso, domin ƙwaya takan suɓuce mata ta faɗi ba ta gani ba.

Wannan duƙawar ce ta sa na zagaya gidan gaba ɗaya da rarrafe, idona daidai da idon jikana. Na ga soket a buɗe bayan kujera, igiyar dutsen guga tana lilo, da ƙaramin batir mai kama da maɓalli a ƙarƙashin tebur. Wannan batir ya fi komai tsorata ni, domin idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. A banɗaki kuma na tarar da bokiti da ruwa rabi. Mutane suna jin nutsewa sai su tuna kogi, alhali a duniya yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ne suka fi kowa mutuwa ta wannan hanya, da yawansu kuma a gida ko kusa da gida. Kan yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa. Idan ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa, ba ya iya kuka, babu wanda zai ji. Daga ranar bokiti a gidana ko dai a kife yake ko a rufe a bayan ƙofa mai sakata.

Kananzir da ruwan wanke banɗaki da maganin ƙwari na ɗaga su sama na kulle, na kuma hana a zuba ko ɗaya a robar abin sha. Yaran da aka riƙa kawo mana sun sha kananzir, kusan duk a irin wannan roba suka same shi. Abin da ya fi cutar da su kuma shi ne a sa su yin amai, domin a nan ne yake shiga huhu.

Sai na kafa ɗan shinge a bakin kicin don yaron, kwana kaɗan na cire shi, saboda na ga Inna tana ƙoƙarin tsallake shi da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne mafi yawa a ciki. Kusan ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi a kowace shekara. Na yi jinyar tsofaffi da yawa da suka karye a ƙugu, na san wasunsu ba su sake tashi daga gadon ba. Na naɗe duk wani ƙaramin kafet mai zamewa, na sa aka kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, na bar fitila a kunne tsakanin gadonta da can. Na karɓe silifas ɗinta mai santsi. Na koya mata idan ta farka ta zauna a bakin gado tukuna kafin ta miƙe, saboda maganin hawan jini yakan kawo jiri idan aka tashi farat ɗaya. Kayan wasan jikana ma suka zama abin kwashewa kafin magariba.

Abin da ya fi wahala shi ne tsoron da ya shige ta. Tun faɗuwar farko ta fi son zama wuri ɗaya, shi kuwa zaman shi ke cinye ƙarfin ƙafa ya jawo faɗuwa ta biyu. Kullum da yamma nakan riƙe hannunta mu zagaya gida, tana mita ina lallashi.

Autana kuwa ba a kulle masa abu, sai dai a shawo kansa. Shi ke jona na'urori biyar a soket ɗaya, shi ke taɓa caja da jiƙaƙƙen hannu. Wata rana da ruwan sama ya jawo janareta zuwa baranda, dab da tagar Inna. Ban yi masa faɗa ba. Na zaunar da shi na ba shi labarin wani iyali da maƙwabta suka taɓa kawo mana da asuba, sun kwana da janareta a cikin gida. Iskar da ke cikin hayaƙin ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Da ciwon kai da jiri take farawa, mai barci kuwa ko wannan ba zai ji ba. Gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake yi. Ya yi shiru, ya tashi ya mayar da janaretan waje nesa da tagogi. Daga nan na ɗora masa kula da wuta da gas na gidan. Shi ya riƙa gaya wa baƙi cewa idan an ji warin gas a buɗe ƙofofi, a rufe tukunyar, kar a taɓa makunnin fitila.

Duk da haka sai da abu ya faru. Wata safiya ina shanya a waje na ji ƙarar jikana. Inna ce ta zo ajiye kofin ruwan zafi a tebur, ta ajiye shi a gefe ya kife, ruwan ya zubo wa yaron a hannu. Kafin in shigo autana ya riga ya ɗauke shi ya tara hannun a ƙarƙashin famfo. Wata maƙwabciya ta shigo da gudu tana cewa a shafa man goge baki, ya ce mata, "A'a Mama, ruwa kawai, minti ashirin." Haka na koya masa: ruwa mai sanyi yana gudana, ba ƙanƙara ba, ba mai ba, sannan a rufe da abu mai tsabta a tafi asibiti. Fatar yaro ta fi ta babba laushi, ruwan da zai sa fatar babba ta yi ja kawai shi zai iya saɓule ta yaro. Allah ya taimaka ƙunar ba ta yi zurfi ba, ta warke ba tabo.

Inna ce ta ƙi cin abinci ranar, tana ta kuka tana cewa a mayar da ita inda ta fito kafin ta kashe ɗan mutane. Da dare na zauna kusa da ita na miƙa mata kofi na ce ta ajiye a teburin. Ta sake ajiye shi a gefe. Na haska idonta da tocila, na ga yanar ido ta rufe na dama kusan gaba ɗaya, na hagun ma ta fara. Ashe ta daɗe tana ɓoye mana. Yadda muka yi da ita kafin ta yarda a yi mata aikin ido, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.