Kafin Ka Ɗaure Kayanka Zuwa Karatu a Norwe

Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, okporoko, da ake gani a babbar kasuwar Kaduna, yawancinsa daga Norwe ake kawo shi. Iyakar sanin da yawancinmu suka yi wa ƙasar ke nan. Ɗalibin da ya samu gurbi a Oslo ko Bergen ko Trondheim kuwa sai ya ƙara da nasa, domin ƙananan abubuwan makonnin farko sun fi jarrabawa kada baƙo.

Zancen wai karatu kyauta ne a can ya tsufa. Tun 2023 ɗalibai irinmu 'yan Najeriya suke biyan kuɗin makaranta. Hukumar shige da fice, UDI, ba ta ba da izinin zama sai ka nuna kuɗin ci da kwana na shekara, sama da krone (kuɗin ƙasar) dubu 150. An yarda ka yi aikin sa'a 20 a mako, cikakken lokaci kuma a hutu, amma kada ka ɗora lissafinka a kai.

Takardu suna da jeri, ba a tsallake ɗaya. Da ka sauka za ka je wurin 'yan sanda a yi maka katin zama, sannan gwajin tarin fuka, wanda wajibi ne gare mu kuma kyauta ne. Wanda zai wuce wata shida ana ba shi lambar shaida mai alƙaluma 11. Da ita za ka buɗe asusun banki, ka samu BankID, wato shaidarka ta intanet, ka sa Vipps a waya, manhajar da kowa ke tura kuɗi da ita. Abin yakan ci makonni, don haka ka zo da katin da ke aiki a ƙasar waje, tunda tsabar kuɗi ta kusa zama tarihi a shagunansu. In ka samu aiki, nemi katin haraji kafin albashin farko. Babu shi, rabin albashin za a yanke.

Ko Hajiya ta matsa, kada ka sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka. An hana shiga da nama da kayan madara daga wajen Turai, kwastam za su kwashe. Cika gurbin da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ka kuma sayi abin haɗa filogi, don soket ɗinsu mai huji biyu ne, namu mai ƙafa uku ba ya shiga.

Sai babban abu, sanyi da duhu. Za ka iso tsakiyar Agusta, rana tana kaiwa wajen ƙarfe tara na dare, ka ce ashe ƙarya ake yi wa ƙasar. Jira Disamba. A Oslo rana takan fito bayan tara na safe ta faɗi wajen uku, Azahar da La'asar da Magariba su zo kusan a manne. A Tromso kuwa, can arewacin ƙasar, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba ta leƙowa sam, shi ya sa Musulmin can da dama ke bin lokutan Makka. Wanda ya yi tsammanin hunturun Kaduna ya horar da shi, ya sake tunani. Kaya hawa uku ake sawa: na ulu a jikin fata, suwaita a tsakiya, sai babbar riga mai tare iska da ruwa. Kuskuren baƙi shi ne singiletin auduga a ciki. Auduga tana shan gumi ta riƙe, kana tsayawa jiran bas sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Ka sa robar nan mai ƙusoshi a ƙasan takalmi saboda santsin ƙanƙara, ka rataya abin ƙyalli a riga don direbobi su gan ka. Baƙar fata ba ta samun isasshen bitamin D a irin wannan rana, sai a haɗa da ƙwayarsa ko man hantar kifi da suke kira tran. Kasalar da ake ɗora wa kewar gida, wani lokaci daga nan take.

A ɗakin girkin ɗalibai, kunna fankar zuƙe hayaƙi kafin ka soya albasa da attarugu. Ƙararrawar gobara ba ta san miya ba, kuma in motar kashe gobara ta zo a banza, wanda ya jawo ne yakan biya. Cefane a yi shi Asabar, manyan shaguna ba sa buɗewa Lahadi. Kiwi da Rema 1000 da Extra sun fi sauƙi. Haddace kalmomi biyu, svin da skinke, duk alade ne, haka ma yawancin leverpostei da ake shafa wa burodi. Naman halal, a Oslo, unguwar Grønland za ka nufa. Ruwan famfo ana sha, kuma kwalbar lemo kada ka yar, injin shago zai mayar maka da krone 2 ko 3.

Mutanen fa? Za ka shiga bas ba mai kallonka, maƙwabcinka ya wuce da "hei" ɗaya tak. Ga wanda ya tashi cikin ina kwana, ina gajiya, ya iyali, abin da ciwo. Amma a wurinsu ƙyale mutum girmama shi ne. Farfesa ma da sunansa na yanka ake kiran sa, ba ranka ya daɗe, ba rusunawa. In an ce takwas, takwas ɗin ce. In aboki ya ce ku je cin abinci waje, kowa nasa zai biya. Abota a wurin aiki tare take ƙulluwa: makon tarbar sababbin ɗalibai, tafiyar daji ranar Lahadi, da dugnad, wato aikin gayya, wanda Bahaushe ba sai an koya masa ba. Ranar da ɗayansu ya gayyace ka gida, cire takalmi a bakin ƙofa, in an gama ci ka ce takk for maten, na gode da abinci.