Na ɗaura aure kafin in tambayi waliyyi

Ƙannena masu koyon Java a Samaru da Kongo, ku zo ku ji kunyar da na sha a Sabon Gari. Wani Alhaji mai shagon kayan masarufi ya sa na haɗa masa manhajar lissafi, sharaɗinsa ɗaya tal, kada yaron shago ya iya sauke farashi ƙasa da yadda aka saro kaya. Na ce Alhaji ai wannan ƙaramin alhaki ne.

Na ɗauko JavaBeans, wani tsarin Java na lura da canjin ƙima kamar farashi, tsohon hannu ne, tun fitowar Java ta JDK 1.1 a 1997 yake nan. Masu saurare, wato ɓangarorin manhaja da ake sanar wa in za a yi canji ko an yi, iri biyu ne a ciki. PropertyChangeListener ɗan gayyar biki ne, sai an gama komai ake gaya masa, ba shi da ta cewa. VetoableChangeListener kuwa waliyyi ne, shi ake tambaya tukuna, in bai yarda ba ya wurgo PropertyVetoException magana ta mutu.

To ni gwanin, cikin setFarashi, setter ɗin da ke canza farashi, sai na fara zuba sabon farashi sannan na kira fireVetoableChange, mai tambayar waliyyi, a layin ƙasa. Waliyyi yana ta ihu bai yarda ba alhali an riga an shafa fatiha. Abin takaicin ma catch ɗin da na rubuta don kama kuskuren fanko ne, ko saƙo ba ya nunawa, don kawai jan layin gargaɗin da ke fitowa a ƙarƙashin kod ya daina damuna. Kwana uku yaro yana sayar wa abokansa katan ɗin taliya a faɗuwa, manhaja ko tari ba ta yi ba. Ranar da Alhaji ya kira ni bai yi faɗa ba wallahi, juyo min da allon kawai ya yi ya ce "Malam, duba min nan", gara ma ya zage ni.

Tsarin shi ne ku kira fireVetoableChange, in ba wanda ya hana ku canza, sannan firePropertyChange ya sanar da 'yan gayya. Kuma ku bar setter ɗin ya jefa kuskuren sama, mai shago ya gani da idonsa.

Kuskurena na biyu ya fi cin raina don sai da na kwana a kansa ga sauro ga an ɗauke wuta. Cikin vetoableChange, inda waliyyi ke ba da amsa, nake adana farashi a rumbun bayanai, ban san cewa in wani mai saurare na gaba ya ƙi ba, VetoableChangeSupport, mai raba wa waliyyai saƙo, yana sake aiko saƙo a juye don a koma tsohon farashi. Sai ga layi biyu a littafin Alhaji na canjin da bai taɓa faruwa ba. vetoableChange na cewa e ko a'a ne kawai, adanawa ku kai ta propertyChange, inda ɗan gayya ke karɓar labari bayan an gama.

Af, in tsohon farashi da sabo ɗaya ne ba a aika saƙon komai, kada ku zauna kuna zargin laftof ɗinku kamar yadda na yi. Kuɗin taliyar dai daga cikon kuɗin aikina aka cire.