Kafin ka biya kuɗin waya, duba kwanan watan da ke cikinta

A rumfata ta gyaran waya kusa da Babbar Kasuwar Maraɗi, mai neman shawara kan wayar da zai saya abu uku yake tambaya: kyawun hoto, ƙarfin batir, da yawan giga. Ba na raina ko ɗaya. Amma har yanzu ina jiran wanda zai ce mani, "Malam, har zuwa wace shekara kamfanin zai riƙa turo wa wayar nan mizajur?"

Mizajur shi ne sabunta manhajar waya. Kowace waya a kan babbar manhaja take tafiya, Android ko iOS ta iPhone, kuma duk shekara sabuwa na fitowa: Android 14 a 2023, Android 15 a 2024, Android 16 a 2025. Tsakaninsu akwai ƙananan gyare-gyaren tsaro masu toshe kafofin da ɓarayin intanet suka gano. A wayoyin Android, Google ne ke fitar da su, amma sai kamfanin da ya ƙera wayar ya daidaita su da ita kafin su iso hannunka. Ranar da ya daina, ba za ka ji komai ba. Wayar na kira, tana shan caji, hoto na fita tas. Kamar ƙofar da kwaɗonta ya lalace ce, mai gida na kwana a ciki bai sani ba.

Daga baya manhajoji su fara janyewa. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai 5.0 ba. A 2025 ya ce sai iOS 15.1 zuwa sama, nan iPhone 5s da 6 da 6 Plus suka fita, don su a iOS 12 suka tsaya.

Kwanaki wata dattijuwa daga unguwar Zariya ta kawo mani wayarta, manhajar karɓar kuɗi ta ƙi buɗewa, ga ɗanta na aiko mata daga Agadas. Ta ce, "Ɗana, ko nawa ne ka gyara mani." Na duba, na ce, "Inna, babu abin da ya lalace a cikinta. Manhajarta ce ta tsufa, waɗanda suka yi ta kuma sun daina sabunta ta." Ta yi shiru tana juya wayar, ko ƙwarzane babu a jikinta. Raina ya sosu, don ba ta jima da sayenta ba, a kwalinta kuma. Tsohon samfuri ne da ya daɗe ajiye a shago.

Abin da nake so a gane ke nan: wa'adin turo mizajur da kamfani ya ɗauka yana fara tafiya ne tun lokacin da samfurin ya fito kasuwa, ko an saye shi ko yana kan kanta. Google ya yi wa Pixel 8 na 2023 alkawarin shekara 7. Samsung ya yi wa Galaxy S24 na 2024 shekara 7, Galaxy A16 mai sauƙin kuɗi kuma shekara 6. A Tarayyar Turai, tun watan Yunin 2025 doka ta wajabta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfuri. Mu nan idonmu ne kaɗai dokarmu, kuma ƙananan wayoyin da aljihunmu ya fi ɗauka galibi wa'adinsu ya fi gajarta.

Samarin da ke son iPhone ta hannu, don Allah ku ji: iPhone 8 da X na 2017 a iOS 16 suka tsaya, iOS 26 kuwa sai daga iPhone 11.

Dubawar ba ta da wuya. Shiga Paramètres, sauka zuwa À propos du téléphone, buɗe wurin Version d'Android, za ka ga kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Yi haka a gaban mai shago, haɗa ta da intanet ka ga ko sabon gyara zai sauko. In kwanan watan ya haura shekara kuma babu abin da ya zo, ni shawarata ka ƙara jika goma ka ɗauki samfurin bana. In kuwa ita ce a hannunka, babu halin sauyawa, yi kira da ita, saurari karatu da rediyo, amma kada ka sa mata manhajar da wani ya turo maka ta Xender, kuma kada ka bar kuɗi masu yawa a asusun da ke kanta.