Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ashe ba rawar kai ba ce

A makon jiya na tsaya a inda muka sauka Alƙahira, ni da Malam da autata, wata bakwai bayan sanƙarau ɗin 2017 da ya ratsa Zamfara ya tafi da jinta. Mun zo ne a dasa mata na'urar ji a cikin kunne, don haka na zaci washegari sai tiyata. Ina! Likitar ta ce sai ta fara ganin yadda yarinyar take tsayuwa.

Raina ya ɗan ɓaci. Kunne muka kawo, me ya haɗa shi da ƙafa?

Wani ɗalibi ɗan Kano ne yake mana tafinta. Ta bakinsa ta ce a can cikin kunne, kusa da ɗan ƙashin nan mai siffar katantanwa da ake ji da shi, akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa a ciki, su ne ke riƙe mutum kada ya yi tangaɗi. Sanƙarau kuwa sau da yawa ba ya cin katantanwar ya bar bututun.

Aka ce ta tsaya da ƙafa ɗaya. Ta ɗan daure, idonta a kaina. Aka yi mata nuni ta rufe ido. Ko ƙiftawa ban yi ba sai ga ta a hannun likitar.

Nan jikina ya mutu. Na tuna daren da aka ɗauke wuta a Gusau, ta taso daga tabarma ta kife kan randa, na zabga mata mari ina cewa rawar kai ta yi mata yawa. Hajiya ma ta sa an yi mata hayaƙi, wai iska ce. Ashe da ido kawai yarinyar take tafiya, duhu na yi ƙasa ta ɓace mata.

Sauran gwajin a kan cinyata aka yi su: kujera mai juyawa a ɗaki mai duhu, sai tabarau mai kyamara da ke bin ƙwayar idonta, sai wayoyi da aka manna mata a wuya.

Da yamma likitar ta kira Malam. Bututun kunnen hagu da sauran ƙarfi, na dama kuwa sun mutu gaba ɗaya, don haka kunnen daman za a buɗe, a bar mata ɗan abin da ya rage. Ta kuma gargaɗe mu kada a bar ta ta shiga ruwa ita kaɗai.

Malam ya karɓi biro zai sa hannu, sai ya juyo: "Maman yara, kin amince?"

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.